Bidiyon waƙar 'yata, da abin da Gizo ya tuna min

'Yata ta biyu tana shekarar ƙarshe a matakin A-Level, wato karatun da ake yi kafin shiga jami'a, nan Ingila, cikin darussan da ta ɗauka akwai nazarin kafafen yaɗa labarai, kuma a darasin nan kashi 30 cikin 100 na maki daga aikin hannu yake fitowa ba daga zaman jarabawa ba. Nata aikin shi ne ta haɗa bidiyon waƙa na kamar minti 3, ita za ta tsara ita za ta ɗauka ita za ta yi editin, sannan ta rubuta bayanin abin da take nufi da dalilin da ya sa ta yi shi haka. Wajen wannan bayanin ne ake so ta nuna ta san ka'idojin ginin labari.

Abin da ta tsara wallahi ya taɓa min zuciya. Yarinya ce a cikin bas da abin jin kiɗa a kunne, wayarta tana ta haske, kakarta ce ke kira daga gida, ita kuma ta ƙi ɗauka, ba don rashin kunya ba, kunyar Hausarta da ta fara guduwa take ji. Duk sanda amshi ya zo sai a dawo da ita tashar bas ɗin nan guda, wayar na hannunta. A amshi na ƙarshe ta ɗaga, sai hoton ya ɗauke.

Toh ranar nan na shigo kicin na same ta da takardu baje a tebur tana neman yin kuka, nace ke lafiya? Tace Umma ba ni da mugu a labarin nan. Nace mugun me? Sai ta fara min bayanin wani Barashe Vladimir Propp, wanda a 1928 ya yi nazarin tatsuniyoyin Rasha guda 100 ya fitar da matakai 31 da labarin ke bi da kuma gurabe 7 na 'yan wasa, akwai gwarzo akwai mugu akwai mai taimako akwai gimbiya da sauransu. Wai don jadawalin ya cika tana so ta ƙirƙiro wata ƙawa da za ta riƙa yi wa yarinyar dariya in ta ji tana Hausa. Gaskiya raina bai so ba. Ɗan abin nan da ya sa bidiyon ya yi kyau shi ne babu wanda ya hana yarinyar ɗaga waya sai ita kanta, in ka sa mugu ai ka sauke mata nauyin kenan ka ɗora wa wani.

Nace zo zauna, kin tuna Gizo? A wane gurbi za ki sa shi? Shi ne muke bi daga ga ta nan ga ta nanku har ƙurunƙus, shi muke so ya tsira, amma kuma shi ne maƙaryacin shi ne mai haɗamar, ya cuci kura ya cuci zaki wani lokaci har Ƙoƙi matarsa ba ta tsira ba. Gwarzo ne ko mugu? Ni ba laifin Propp nake gani ba, bawan Allah tatsuniyoyin ƙasarsu ya duba ya faɗi abin da ya gani a cikinsu, bai taɓa cewa duk labarin duniya dole ya bi nan ba balle bidiyon waƙa. Yaran ne suke ɗaukar abin kamar fom ɗin banki, duk layi sai an cike.

Wanda ya ɗan fi dacewa da aikinta shi ne Tzvetan Todorov, ɗan Bulgeriya da ya yi zamansa a Faransa ya rasu a 2017. Shi yadda ake koyar da shi a aji, labari yana farawa da zaman lafiya, wani abu ya zo ya dagula, a gane an dagule, a yi ƙoƙarin gyara, sai a koma wani sabon zaman da ba irin na farko ba. Ko shi ɗin ma bai zauna daram ba, don nata bidiyon a dagule ya fara kuma ba a nuna mana gyaran. Da muka ci gaba da duba takardun sai ga sunan Andrew Goodwin, wanda tun 1992 ya yi rubutu a kan bidiyon waƙa ya nuna cewa ba a auna shi da mudun fim ko littafi, don waƙa maimaici take yi, baiti ya tafi amshi ya dawo. Nace ai mu wannan da kunne muka sani, a tatsuniyoyinmu ma in yarinya ta rera 'yar waƙarta a bakin rafi sai ta sake rerawa a gaba kalma ɗaya ba ta canza ba, amma ta ukun ta fi ta farko nauyi saboda abin da ya faru a tsakani. Tashar bas ɗin nan tata haka take aiki.

Inda abin yake damuna shi ne in na juya na kalli gida. 'Ya'yan yayata a Kano da waya ɗaya da CapCut suke haɗa bidiyo su ɗora a TikTok, hannunsu ya fi na 'yata faɗawa nesa ba kusa ba, ga kunnen kiɗa, sun san daidai inda za su yanka hoto ya hau kan kiɗan. Amma in ka kalli bidiyo goma, tara duk abu ɗaya ne, saurayi da budurwa a lambu ko gefen mota, a canza kaya sau biyar, a nuna juna da yatsa, salon da finafinanmu suka ɗauko daga na Indiya tun da daɗewa. Ban ce dole kowace waƙa ta zo da labari ba, waƙar yabo ta makaɗan fada ba labari take bayarwa ba kuma babu abin da ya rage ta. Abin da ke min ciwo babu wanda ya taɓa zaunar da yaran nan ya tambaye su, me ya sa ka fara da wannan hoton? Me mai kallo ya sani yanzu da bai sani ba ɗazu? A nan ɗan shekara 17 dole ya amsa wannan a rubuce, har ya kan yi yawa ya koma haddar sunayen Turawa, a can kuma ga baiwa ga labarai cike da bakin kakanni amma tambayar ba ta zuwa sam. In aka ce in zaɓa, ni tambayar nake so a kai gida, sunayen su biyo baya in sun ga dama.

Ta fasa saka ƙawar. A bayanin nata ta rubuta ƙarara cewa Propp bai dace da aikinta ba ta kawo dalili, ta jingina da Goodwin, har ta sa layi biyu a kan Gizo bayan ta tambayi malamarsu ta ce babu laifi. Na tura wa babban ɗan yayata bidiyon a WhatsApp ban ce masa komai ba, bayan kwana biyu sai ga saƙon murya, wai Anti don Allah me kakar ta ce mata da ta ɗaga? Nace kai za ka haɗa mana wannan, ka je gidan Hajiya da wayarka ka ɗauko ɓangarenta, mu ga yadda take zaune tana jiran a ɗaga.