Ku bar yarinyar nan ta yi zanenta

Wallahi maganganun da ake ta zubawa a ƙarƙashin hoton ƙwaƙwalwar da yarinyar nan 'yar Gombe ta zana sun ishe ni. Wai ɓata lokaci ne, wai ta bar wasan yara ta je ta yi karatu, wani har da cewa AI zai fitar mata da wanda ya fi shi kyau kafin ta feƙe fensir. Haba jama'a! Ai zanen nan shi ne karatun.

Fiye da shekara dubu likitoci suna haddar maganar Galen, wani likitan zamanin Rumawa, cewa akwai wata ragar jijiyoyin jini a gindin ƙwaƙwalwar mutum, alhali shi a dabbobi irin su tumaki da shanu ya ganta, sai da Vesalius, masanin sassan jikin mutum, ya feɗe gawa da hannunsa aka zana abin da ido ya gani a littafinsa na 1543, ya ce babu ita a ɗan Adam. Zoben jijiyoyin jinin nan na gindin ƙwaƙwalwa mai sunan likitan Ingila Willis, da ɗaliban likitanci ke kwana a kansa, Christopher Wren ne ya zana masa a littafin 1664, mutumin da daga baya ya tsara babban cocin St Paul na Landan.

Amma wanda nake so ku riƙe shi ne Cajal ɗan ƙasar Sifen. Yaro ne mai son zane kamar me, babansa likita ya ƙi, ya kai shi koyon aski da ɗinkin takalmi. A 1873 Golgi na Italiya ya gano rini na sinadarin azurfa da ke baƙanta 'yan ƙwayoyin jijiya kaɗan ya bar sauran, to rini ɗaya suka yi aiki da shi fa, Golgi ya ce duk a haɗe suke kamar raga, shi kuwa Cajal ya zauna gaban madubin likita yana bin reshe ɗaya ɗaya da alƙalami har ya ga kowace ƙwaya zaman kanta take, har kibiya yake sawa ya nuna inda saƙo ke bi. Tare aka ba su Nobel a 1906 suna wannan saɓanin, sai a shekarun 1950 madubin likita na lantarki ya nuna ɗan gibin da ke tsakanin ƙwayoyin. Cajal ne da gaskiya.

Na san za ku ce ai yanzu akwai MRI, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki. Akwai mana, sai me? Hoto komai yake kwasowa, shi kuwa mai zane dole ya san wannan layin ina ya tashi ina ya tsaya, inda bai gane ba nan hannunsa zai cije. Wanda ya sauke hoto a waya zai iya wuce wurin bai ma san bai sani ba. Ƙanwata, ki ci gaba, Allah ya yi wa hannun nan albarka.

Ni fa har masu zayyanar allo na tsangayunmu nake tunawa, ka ga gardi ya ja layi siriri da alƙalamin kara da tawadar da ya dafa da kansa, hannu ko rawa ba ya yi. Wa ya taɓa zuwa ya nemi irin waɗannan ya ce su zo su zana mana hotunan littattafan kimiyya na Hausa? Masu buga littattafai, da ku nake.