Ranar da Na Hau Tunkiya a Ayislan

Bakina ne ya ja mini. Muna aji a Reykjavik, babban birnin ƙasar Ayislan, malamin tarihi yana bayanin yadda mutanen Norwe suka tsallako teku wajen shekarar 874, da tumaki da shanu da dawaki cikin jiragen katako, sai na ɗaga hannu na ce ai mu kiwo gado muka yi. Alhali iyakar kiwona ragon Layya ne, shi ma ƙanena ke ba shi dusa.

Wani abokin karatuna ya riƙe maganar. Satumba na kamawa ya kwashe ni zuwa ƙauyensu, wai ana réttir. Al'ada ce tun ta kaka da kakanni: in sanyi ya ja da baya sai a saki tumaki su hau duwatsu su yi kiwon kansu, mutane kuma su duƙufa yankan ciyawa suna shanyawa, don a can yawan ciyawar da ka tara shi ne yawan dabbar da za ta ga ƙarshen hunturu. Kafin ƙanƙara ta sauko sai a koro su cikin wani ƙaton shinge zagayayye, kowa ya duba shaidar kunne ya ja tasa. A harshensu kalma ɗaya, fé, ita ce tumaki, ita ce kuɗi, kamar dai yadda Bafulatani ke ce wa shanu dukiya. A dokarsu ta da ma, tumaki shida masu ulu da 'ya'ya su ne kuɗin saniya guda.

Aka nuna mini yadda ake yi: ka sa dabba tsakanin ƙafafunka, ka kama ƙaho, ka ja. Na raina ƙanana, na zaɓi wani jibgege mai murɗaɗɗen ƙaho. Ashe kallon kitse na yi wa rogo. Dabbar da ta yi watanni a kan dutse ba ta san igiya ba balle ladabi. Ina ɗora ƙafa ya zabura, na zame na zauna daram a gadon bayansa, muka zagaya shingen nan sau biyu ina salati da ƙarfi, Turawa na tafi. Daga ƙarshe ya ajiye ni cikin taɓo, ba ma taɓo zalla ba.

Wata yarinya da ba ta wuce shekara goma ba ta zo ta kama shi da hannu ɗaya, ta leƙa kunne, ta ce ai ba na gidan abokina ba ne ma.

Na miƙe ina kakkaɓe wando na ce, "Amma fa ragon nan ƙarfi gare shi."

Abokina ya yi dariya har da hawaye. Ashe a Ayislan matan ma ƙaho gare su. Tunkiya ce.

Hoton ya riga ni isa gida. Da dare Hajiyarmu ta kira, ko gaisuwata ba ta amsa ba, ta ce, "Kai yanzu karatun da aka tura ka ke nan?"