Aikin da Ya Shiga Takarda Shi Ke Ƙetare Teku

A nan Turai inda nake zaune, masu gina shafukan intanet suna kallon tura aiki ƙetare kamar ɓarawon da ke haura katanga da dare. A can ɓangaren da aikin ke sauka, Indiya ko Filifin ko Afirka, kallon damina ake yi masa. Ina ganin duka biyun sun ɗauki maganar a baibai, domin kowannensu ya zata ƙasar da mutum yake ita ce ke yanke hukunci. Irin aikin da ke hannunsa ne ke yankewa.

A tuna yadda abin ya bunƙasa. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanonin Amurka da Turai sun shiga fargabar shekarar 2000, saboda tsofaffin manhajojinsu da lamba biyu kacal suke rubuta shekara. Kamfanonin Indiya irin su Infosys da Wipro da TCS suka kwashi kaso mai tsoka na gyaran. Aiki ne da za a iya bayyana shi tsaf a rubuce: nemo wurin, gyara, gwada, miƙo. Har yau ƙa'idar ba ta sake ba. Duk aikin da mai shi zai iya zuba bayaninsa gaba ɗaya a takarda, ya kuma duba sakamakon ba tare da ya zauna da kai ba, wannan aikin yana da fasfo.

A harkar shafuka, mayar da zanen da aka riga aka gama zuwa HTML da CSS (harsunan da ake tsara shafi da su), ɗora wa manhajar gina shafi ta WordPress sabuwar riga, haɗa fom ɗin rajista, kwashe rubutu daga tsohon shafi zuwa sabo, duk sun shiga wannan layi. Wasu ma ba sa buƙatar ƙetarewa, Wix da Shopify, dandalin da mutum ke haɗa shafinsa da kansa, sun haɗiye su tun tuni. Abin da ke ƙin tafiya shi ne wanda ba wanda ya taɓa rubuta shi: dalilin da ya sa ake cire ragi kafin a ɗora haraji a wannan shagon amma a wancan sai bayansa, wane tebur ne a ma'ajiyar bayanai idan aka taɓa shi rahoton ƙarshen wata zai karkace, wa za a tasa idan biyan kuɗi ya tsaya tsakar dare.

Masu lissafin kamfani sukan kwatanta kuɗin awa ɗaya nan da na can, su ga riba ƙiri-ƙiri. Abin da ba ya fitowa a lissafin shi ne sa'o'i. Tsakanin Indiya da gabashin Amurka akwai tazarar awa tara da rabi ko goma da rabi, gwargwadon lokacin shekara. Mai aiki ya ci karo da jimla mai harshen damo a takardar bayani, ya aika tambaya, mai amsa yana barci. Amsa ta iso, shi kuma ya tashi. Tambaya ɗaya ta cinye yini. Idan ya ƙi tambaya ya yi da ka, sai a gano bayan mako uku, a rushe a sake. Ga kuma sauyin ma'aikata a kamfanin kwangila: wanda ya fahimci tsarin an mayar da shi wani aikin, sabo ya zo babu rubutaccen bayani, babu gwaje-gwajen da ke kama kuskure da kansu. Kwangilar da aka yanke wa farashi ɗaya tun farko tana ƙara dagula lamarin, don kowane ƙaramin canji sai an sake ciniki. Araha dai ba ta ado. Shi ya sa kamfanonin yammacin Turai da dama suka karkata ga Folan da Romaniya, na Amurka kuma ga Meziko da Kolombiya: sun fi tsada, amma ana farke a lokaci guda. A wannan fuska yammacin Afirka na da abin da Indiya ba ta da shi, tunda agogonsa da na Landan ko Balin bai wuce bambancin awa ɗaya ko biyu ba.

Sai doka. Tun watan Mayun 2018 da dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki, bai wa wanda ke wata nahiya damar buɗe bayanan abokan ciniki yana buƙatar yarjejeniya ta musamman. Ba ta hana tura aiki ba, amma ta sa kamfani ya riƙe wani a gida da zai ɗauki alhaki.

To wa ya fi kwanciyar hankali? Ma'aikatan ƙasashen da ke tura aikin ma ba ɗaya suke ba. A kusan dukkan jihohin Amurka ana iya sallamar ma'aikaci ba tare da an kawo dalili ba, kuma baƙon da ke kan bizar aiki ta H-1B kwana 60 gare shi ya samu wani aikin ko ya tattara. A Jamus, wanda ya wuce wata shida a kamfanin da ke da ma'aikata fiye da goma, sai da hujjar da doka ta yarda za a kore shi. Kuma manyan sallamar da aka gani, Meta mutum 11,000 a Nuwamban 2022, Google 12,000 a Janairun 2023, kamfanonin da kansu cewa suka yi sun ɗibi ma'aikata fiye da kima lokacin korona. Ba kowace wuta ce daga ƙetare ta taso ba.

Na can kuwa, wanda ake yi wa hassada, a kan siraɗi yake. Yawanci ɗan kwangila ne: babu wa'adin sallama, babu fansho, saƙo ɗaya ya isa a rufe aikin. A shafukan neman aikin kwangila irin su Upwork ko Fiverr mummunan sharhi guda na iya danne shi ƙasa. Mafi muni, idan araha ce kaɗai hajarsa, gobe wani zai fi shi araha. Kamfanin Andela, wanda aka kafa a Legas a 2014 don horar da sababbin masu rubuta manhaja, a 2019 ya sallami kusan 400 daga cikinsu, ya ce kasuwa ƙwararru take nema. Tun kafin ChatGPT mai ƙirƙirarriyar basira ya fito a ƙarshen 2022 ke nan. Yanzu kuwa aikin nan da ake iya rubutawa a takarda, shi ne dai wanda ake iya bai wa na'ura ta yi daftarinsa cikin daƙiƙu.

Saboda haka ɗan'uwa mai wannan sana'a, ko a wane gefen teku kake, ga inda zan ce ka zuba ƙarfi. Ka iya karanta manhajar da wani ya rubuta shekaru biyar baya ka gyara ta ba tare da ka karya wani wurin ba, domin yawancin aikin da ake biya irin wannan ne. Ka san SQL, harshen ma'ajiyar bayanai, sosai, ka san Git, manhajar adana sauye-sauyen aiki, fiye da tura aiki da jawo shi kawai, ka riƙa rubuta gwaji kafin ka miƙa aiki. Ka riƙe fanni ɗaya, biyan kuɗi ko asibiti ko jigilar kaya, har ka san ƙa'idojinsa kamar masu shi. Dokar Turai da ta wajabta sauƙaƙa wa masu buƙata ta musamman amfani da shafukan ciniki da na banki ta fara aiki a Yunin 2025, kuma masu iya wannan gyaran ba su yi yawa ba. Sannan ka iya rubuta saƙo gajere da ke faɗin abin da ka fahimta, abin da ka zata, da abin da kake jira, yadda amsa ɗaya za ta wadatar.

Wanda na fi jin tsoro dominsa shi ne mai farawa. Ƙananan ayyukan da a da ake koyon hannu a kansu su ne suka fara tafiya, kamfanoni kuma kowa na neman mai shekara biyar a aiki, ba mai son ya ba da shekarar farko. Hanyar da ta rage masa ita ce ya ɗauki shafi ɗaya na gaske mai masu amfani na gaske, ko na ƙaramar ƙungiya ne, ya riƙe shi shekara guda cur: sabunta shi, ajiye kwafin bayanansa, gwada dawo da kwafin, da tashi gyara ranar da ya faɗi.