Wa yake sayen wayar da yaro ya yanko?

Duk ranar da aka wayi gari a wata unguwa a Kaduna aka tarar an kwance batirin fitilar sola ko an ɗauke murfin kwalbati, magana ɗaya ake ji: yaran zamani ba su da tarbiyya. A tsine musu, a zagi iyayensu, kowa ya kama gabansa. A ganina an bar jaki ana dukan taiki.

Yaron da ya haura katangar firamare da tsakar dare ya ɓalle ƙarfen taga ba ɗakin uwarsa zai kai ba. Wayar taransifomar da ya yanko, bayan kango zai ja ta, ya cinna mata wuta da tsohuwar taya har robar ta narke, ya kaɗe tokar, ya cusa tagullar a buhu. Kafin hantsi tana kan sikeli. Babban mutum mai rumfa da jari zai duba kilo nawa ce, ya ƙirga kuɗi ya miƙa wa ɗan shekara sha huɗu, ba tare da ya tambayi inda ya samo ba, domin ya riga ya sani. Wannan mutumin shi ne farkon wanda ya kamata a tuhuma, kuma shi ne ba a cika jin an kama ba.

Ba ina ɓata sana'ar sayen tsofaffin ƙarafa ba ne. Kasuwar Panteka abin alfaharin Kaduna ce, matasa da yawa a nan suka koyi walda da ƙira suka riƙe kansu, kuma akwai 'yan jari-bola masu cin halaliyarsu. Amma murfin kwalbati da ƙarfen layin dogo ba a tsintar su a bola, duk ɗan gwangwan ya san haka. A watan Janairun 2025 hukumomin Abuja sun rufe irin waɗannan kasuwanni na mako biyu saboda satar murafun kan titi. Rufewa tana hukunta mai laifi da marar laifi tare. Abin da Kaduna take buƙata shi ne a yi wa kowane mai sikeli rajista, a ba shi jerin kayan da aka hana saye, ya riƙa rubuta sunan wanda ya kawo masa kaya, sannan shugabannin kasuwa su amsa tambaya idan aka ga kayan gwamnati a rumfar ɗayansu.

Gwamnati ma da nata kason. Tun daga 2019 aka shiga sabunta birnin, aka yi tituna da gadoji irin ta Kawo, aka jera fitilu. Yin aiki daban, tsaronsa da gyaransa daban. Fitilar da ta mutu aka bar ta wata da watanni tana gaya wa yaro cewa ba ta da mai ita, haka makarantar da ba maigadi. Kare irin waɗannan kayan yana cikin aikin da doka ta ɗora wa jami'an Sibil Difens, ga kuma 'yan sintirin jiha na KADVS a unguwanni.

Idan an kama yaron fa? Har yanzu zuciyata ba ta daina ɗaci ba kan yaran da aka kwasa daga Kaduna da Kano bayan zanga-zangar Agustan 2024, waɗanda aka ga wasunsu suna faɗuwa a kotun Abuja a watan Nuwamba. Jihar nan tana da dokar kare yara tun 2018, tana da gidan horar da kangararrun yara a Barnawa, don haka babu hujjar cusa yaro cikin manyan masu laifi. Ga ƙaramar ɓarna, a kai shi gaban mai unguwa, iyayensa su biya, shi kuma ya sa hannu a gyaran, sannan a haɗa shi da maigidan da zai koya masa sana'a.

Mu kuma mutanen unguwa, mu ne za mu yi karo-karo gida-gida mu gyara taransifoma bayan mun sha duhu, alhali da yawanmu mun ga hayaƙin nan yana tashi, mun san ɗan wane ne. Sai a ce a rufa masa asiri saboda maƙwabtaka. Rufin asirin da ya dace shi ne a je wa uban yaron da daddare a gaya masa gaskiya, sannan a kai wa mai unguwa sunan wanda ya saya.