Ni da Toron Agwagwar Hajiya

Kwana tara na yi ina fama da manhajar wani Alhaji mai sayar da taki a Sabon Gari. Ba wani babban aiki ba ne, rasit kawai za ta riƙa fitarwa. Amma duk rasit ɗin da ta buga sai ta ci wata guda: ka sayi taki a Yuni, ta rantse a Mayu ka saya. Rana ɗaya Alhaji ya kira ni sau shida, a na ƙarshe ya ce, "Injiniya, wai kwamfutar taka ganin wata take jira ne?"

A lokacin ayyuka uku na rungumo. Da rana na Alhaji, da dare na wasu mutane a Amurka da safiyarsu take azahar ɗinmu, na uku kuma na ɗan ƙanin babanmu, wanda ladansa "Allah ya yi albarka" ne. Barcina bai wuce awa uku ba. Abincina indomi da ƙwai wurin mai shayi a Tudun Wada. In aka kawo wuta ƙarfe biyun dare sai in zabura kamar an tashi soja. Har na kai ko saƙon barka da Juma'a ya shigo wayata sai gabana ya faɗi.

Na gwada dabarar nan ta Pomodoro, wadda wani ɗan Italiya ya ƙirƙiro da agogon kicin mai siffar tumatir: aiki minti 25, hutu minti 5. A hutun farko na leƙa TikTok, ban ɗago kai ba sai da na ji kiran magariba.

Sai wani abokina da muka yi Jami'ar Ahmadu Bello tare ya ce min daga Samaru, ai manyan masu wannan sana'a 'yar agwagwar roba suke ajiyewa a tebur. In abu ya cije, sai su yi mata bayaninsa layi-layi, a cikin bayanin su tsinci kuskurensu da kansu. To ni ina zan ga ta roba? Hajiya dai tana da guda huɗu masu rai a bayan ɗaki.

Bayan sallar asuba na kifa turmi kusa da rijiya, na ɗora kwamfuta a cinya, da jallabiyar da ta kwana uku a jikina. Toron ya tako ya tsaya gabana, yana huci kamar mai bin bashi.

"Ka ga nan," na ce masa, "nan nake ɗauko watan. Janairu ɗaya, Fabrairu biyu..."

Ya karkata kai ya kalle ni da ido guda. Wallahi a nan abin ya faɗo min. JavaScript, yaren kwamfutar da nake rubuta manhajar da shi, daga sifili yake fara ƙirga watanni: Janairu 0, Disamba 11. Yuni a wurinsa 5 ne. Abin da na sani tun ina aji biyu! Ɗaya kawai zan ƙara. Na yi tsalle na yi kabbara, na nuna toron na ce, "Kai ne injiniyan, ba ni ba!"

Ina juyowa sai ga Hajiya riƙe da buta, Yaya a bayanta ta toshe baki da mayafi.

"Auta, da wa kake magana?"

Maimakon in yi ƙarya, sai na ce, "Da shi."

Kafin hantsi Malam ya iso da allonsa. Na yi bayani iya bayani, na ce Turawa ma haka suke yi. Malam ya gyara zama a buzu ya ce, "To su Turawan, tana ba su amsa?" Na ce a'a, Allah gafarta Malam, ba ta amsawa, amma ni nawa ya gane. Malam ya dubi Hajiya, Hajiya ta dubi ƙasa. Na kawo zancen Hukumar Lafiya ta Duniya, cewa tun 2019 ta sa irin wannan gajiyar aiki a kundinta. Hajiya ta ce, "Su ne suka ce ka yi hira da dabbobina?"

Hukunci: rubutu kwana bakwai, kwamfuta kuma cikin akwatin Hajiya ƙarƙashin atamfofi. Da kyar na roƙi minti ɗaya na ƙara ɗayan nan na tura wa Alhaji. Ranar na yi barcin awa goma sha huɗu, Yaya ta ce sau biyu ana kara min hannu a hanci. Aikin ɗan ƙanin baba kuwa, waya ɗaya Hajiya ta buga wa ubansa, har yau ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Yanzu da an yi isha'i take karɓe kwamfutar, ba na sake ganinta sai na sha kunun safe. Yaran layinmu sun laƙaba min Abokin Toro.

Da na je karɓar cikon kuɗina, Alhaji ya tambayi yadda aka yi abin ya gyaru. Na ce wani abokin aikina ne ya taimaka. Ya zaro dubu biyar ya ce in ba shi ya sha ruwa. Dusa na sayo masa.