Babban Yatsa Ya Ja Mini a Tafkin Pepin

Tun a cikin mota na fara cika baki, don haka duk abin da ya same ni a ranar nan da kuɗina na saya.

Watan Yuli ne, shekarata ta farko a jihar Minnesota ta Amurka. Wanda bai yi hunturun garin nan ba ba zai gane abin da ke haukata mutanensa idan rana ta fito ba. Wata da watanni suna ƙunshe a ɗaki, da zarar ƙanƙara ta narke sai kowa ya ɗaura jirgin ruwansa a bayan mota ya nufi tafki. Tafkin kuwa ba ya ƙarewa. A jikin lambar motocinsu ma an rubuta tafki 10,000, kuma ragi suka yi, ainihin lissafin ya haura 11,000. Ni da na taso a unguwar da ake tare ɗan ga-ruwa tun asuba ana roƙonsa jarka biyu, abin har haushi yake ba ni.

Wani dattijon Bature da muke aiki tare, wanda muke ce wa Baba, shi ya gayyace mu yawon jirgi, ni da abokina. Abokin nawa Bazazzagi ne. Na faɗa tun yanzu don a san inda matsalar ta samo asali.

Tafiyar wajen awa ɗaya da rabi ce daga Minneapolis zuwa wani ƙaramin gari, Lake City, a bakin tafkin Pepin. Sunan tafki kawai yake amsawa, amma kogin Mississippi ne ya zo nan ya baje, tsawon fiye da mil 20. A hanya Baba ya ba mu tarihi yana alfahari: wai a nan ne a 1922 wani saurayi ɗan shekara 18, Ralph Samuelson, ya ɗaura katako biyu a ƙafafunsa, kowanne tsawon ƙafa takwas, ya sa ɗan uwansa ya ja shi da jirgi har ya miƙe tsaye a kan ruwa, kuma daga nan wasan ya bazu duniya. Na ce a raina da a Kano ne da tuni an kai yaron nan wajen masu ruƙiyya. A fili kuwa sai na ce, "Baba, ai ni kifi ne. Babu kududdufin da ban ƙure ba a unguwarmu."

Gaskiyar magana sau uku na taɓa shiga kududdufi, ruwan iya ƙirji, kuma na ukun da dorina aka fito da ni.

Bazazzagi ya kalle ni ya ce, "Kifi ko? To Allah ya kai mu."

Kafin a taɓa makullin jirgi Baba ya tara mu a bakin gada. Tare da mu akwai jikarsa, 'yar shekara takwas, tuni ta zuge rigar kariyarta har wuya tana kallonmu kamar sufeton makarantu. Baba ya ce jan mutum a bayan jirgi aikin mutum uku ne: matuƙi idonsa na gaba, mai sa ido idonsa na baya a kan wanda ake ja, sai wanda ake jan. Dokar jihar ta yarda da faffaɗan madubi a madadin mai sa ido, amma shi bai yarda ba, ya ce madubi ba ya ihu. Nan take ya naɗa Bazazzagi mai sa ido, ya miƙa masa wata tuta mai ruwan goro, ya ce da zarar na faɗa ruwa ya ɗaga ta don sauran jirage su san akwai mutum a wajen. Daga nan ya shiga nuna mana alamun hannu, tunda ƙarar inji ba ta barin a ji magana. Sun kai biyar ko shida. Ni kuwa ina ta gyaɗa kai kamar wanda ake wa wa'azi bayan ya ci tuwo, hankalina na kan wayata ina neman inda hasken rana zai fi kama fuskata.

Sai rigar kariya. Na zura ta na bar maɗauran sakwa-sakwa, saboda tumbi kuma saboda hoto. Yarinyar nan ta zo ta kama kafaɗun rigar ta ɗaga sama, rigar ta taho har kunnuwana. Ta girgiza kai ta ja maɗauran ɗaya bayan ɗaya sai da numfashina ya tsaya. Tana juya baya na sassauta. Ina ni ina karɓar umarni daga wadda ba ta gama famfara ba. Hulata ma, zanna bukar sabuwa fil, na ƙi cirewa. Na ce hoton farko da za a gani a gida ba zai fita da kai tsirara ba.

Muka tashi, in dai wannan sunansa tashi. Jirgin da aka ce yana gudu kamar iska sai ga shi yana rarrafe, ko jakin Buzu ya fi shi himma. Na ce Baba ko mai ne ya ƙare? Ya nuna mini wasu fararen ganguna da ke yawo a kan ruwa, da zane mai ruwan goro a jikinsu. Mai da'ira tana nufin a tafi a hankali, kada a tayar da igiyar ruwa. Mai zanen lu'ulu'u da gicciye a ciki tana nufin jirgi kada ya kuskura ya shiga, wurin masu iyo ne. Ya ce, "Ɗana, jirgi ba shi da birki. Ka cire ƙafa daga mai a mota ka taka birki ta tsaya. Nan ko ka kashe inji jirgi sai ya ci gaba da sulalawa." Ya nuna wani abu can gefe kamar ƙwarya ta kife, ya ce mene ne wancan? Na ce leda ce. Muna matsawa sai ledar ta ɗaga hannu ta gaishe mu. Kan wani ƙato ne yana iyo.

Da muka fita sarari aka kashe inji, aka jefa abin da za a ja ni a kai. Wata ƙatuwar roba ce mai iska, kamar tif ɗin tayar tirela da aka yi wa riga da hannaye biyu na riƙewa, an ɗaure ta da igiya mai tsawon ƙafa 60. Na kwanta rub da ciki na damƙe. Baba ya maƙala wata jar igiya mai lanƙwasa a jikin rigarsa, ɗaya bakin a jikin makunnin inji, wai ko da zai faɗi daga kujera igiyar za ta fizge inji ya mutu. Sai da ya ja a hankali igiyata ta miƙe sannan ya ba shi wuta.

Wallahi minti na farko daɗi ne zalla. Iska na kaɗa ni, ruwa na fallatsa, hula na zaune daram. Na hango Bazazzagi ya ɗaga waya zai ɗauke ni. Na saki hannu ɗaya na ɗaga masa babban yatsa, irin wanda muke tura wa juna a WhatsApp, wato komai lafiya, madalla.

Na ga ya juya ya yi wa Baba magana. Inji ya canza murya.

Robar ta fara tsalle, haƙorana suka fara gaisawa da juna. Na ce to, ba su gani da kyau ba ne. Na sake ɗaga yatsan, wannan karon da ƙarfi, ina kaɗa shi sama, nufina hakan ma ya isa, an gode, Allah ya saka. Bazazzagi ya washe baki ya sake juyawa. Inji ya ƙara ɗaga murya. Sai daga baya na ji cewa a kan ruwa babban yatsa sama ma'anarsa ɗaya ce tak: ƙara wuta. Ka juya shi ƙasa, rage. Ni kuma sau biyu na nema da hannuna, na biyun har da naci.

Ganin abin ya wuce wasa sai na koma ga alamar da kowane ɗan Adam ya sani. Na ware yatsu biyar na miƙa tafin hannu gaba, yadda ɗan sanda yake tsayar da mota. Bazazzagi ya tsaya ya ƙura mini ido. Sai ya ajiye waya a cinya, ya ware hannuwansa biyu ya mayar mini. Wai daƙƙuwa na yi masa. A tsakiyar Mississippi, raina a hannun Allah, mutumin da aka ɗora wa amanar rayuwata yana rama zagi.

A nan Baba ya karya kwana. Idan jirgi ya juya, abin da yake ja ba ya binsa a baya, waje yake fita kamar dutse a bakin majajjawa, gudunsa ma ya fi na jirgin. Na ga tudun ruwan da jirgin ya bari yana tunkaro ni. Na yi salati. Roba ta yi gabas, ni na yi sama, hula ta kama gabanta.

Duk wanda ya ce maka ruwa abu ne mai laushi bai faɗa masa a guje ba. Kamar an maka ni a kan daɓen siminti. Na nutse na sha na ƙoshi, sai rigar ta fizgo ni sama. Amma da yake na sassauta ta, ita ta riga ni fitowa: kafaɗunta a kunnuwana, zif a hancina, ni ina rataye a ciki kamar kaza a kwando. Ƙafata ta laluba ƙasa ta ji babu. Kifin Kano ya nemi iyo ya rasa inda ya ajiye shi.

To me Bahaushe yake yi idan duniya ta ƙare masa? Na ɗora hannu biyu a ka na kurma ihu, "Wayyo Allah na shiga uku! Wayyo Hajiya!"

Daga nesa na ga tuta ta tashi, na ji sanyi a raina. Sai kuma na ga jirgin ya rage gudu, ya yi wani faffaɗan zagaye cikin natsuwa, har ya dakata wani jirgin ya wuce. Yarinyar tana tafa mini. Ashe hannu biyu a haɗe bisa kai, gwiwar hannu a buɗe, ita ce alamar da wanda ya faɗa ruwa yake yi don a san ƙalau yake, kada a damu. Baba ya ce a shekarun da ya yi yana jan mutane bai taɓa ganin sabon shiga da ya ba da alamar nan da sauri da kyau kamar ni ba. Ihun kuwa, wai sun ɗauka murna ce.

Ya matso a hankali ta ɓangaren da yake zaune, don kada in ɓace wa idonsa ko na daƙiƙa ɗaya. Ni kuwa na hango tsani a bayan jirgi, na fara fafutukar kare ina nufarsa. Ban taɓa jin dattijon nan ya ɗaga murya ba sai ranar. Ya daka mini tsawar da ta tsayar da ni cak, yarinyar ma ta miƙe tana nuna ni da yatsa. Ya kashe inji, ya zare makulli ya ɗaga mini in gani, sannan ya ce to, zo.

Da na hau ina ɗigar ruwa ya kama hannuna ya kai ni baya ya nuna mini farfela a ƙarƙashin ruwa, taku ɗaya daga tsanin. Babu dariya a fuskarsa. Ya ce fukafukai uku gare ta, idan tana juyi 3,200 a minti, sara 160 ke nan a daƙiƙa guda. Ya ce ko an cire giya tana iya ci gaba da juyawa, shi ya sa ba a yarda da cire giya, kashewa ake yi. Na kalli ƙarfen nan yana ƙyalli, na kalli ƙafafuna, na ji ruwan da na sha yana neman hanyar fita.

Sai ya tambaye ni, cikin tausayi, me ya hana ni ba da alamar tsayawa tunda na gaji? Na ce wacce? Ya sa hannu ya gitta a maƙogwaronsa. Na ce, "Baba, ina tsakiyar ruwa, ban iya iyo ba, kuma in yanka kaina da hannuna? Ai wannan kiran ajali ne." Ya ce ko in shafa kaina, wato a mayar da ni gaɓa. Bazazzagi ya ce, "Ban iya iyo ba? Ashe kifin naku na gwangwani ne."

Na ce masa, "Kai kuma da aka ce ka sa ido, zagi aka aike ka?"

Ya ce, "Malam, ni aka ce in faɗi abin da na gani. Ka ce a ƙara, na ce a ƙara. Ka zage ni, na rama. Ina laifina?"

Da aka zo kansa ni aka ba tuta. Ba zan ɓoye ba, na shirya masa. Na ƙudurta ko me ya nuna, ƙari zan ce. Amma yarinyar nan ta zo ta zauna daf da ni, ba ta kallonsa, ni take kallo. Kafin kakanta ya kunna inji sai da ta ƙirga mu da yatsa, ta leƙa bayan jirgi, ta ce babu kowa. Bazazzagi kuwa tun igiya ba ta miƙe ba ya juya babban yatsansa ƙasa, kuma bai ɗaga shi ba har aka gama. Haka muka yi ta jansa a hankali kamar ana kai amarya, agwagi na wuce shi.

Hula dai ba a gan ta ba. Baba ya ce ruwan nan kudu yake tafiya har ya faɗa teku a ƙasan New Orleans, don haka in na samu hutu in je can in jira ta.

Da daddare ina kwance, duk gaɓoɓina na ciwo, sai wayata ta fara ruri. Ashe Bazazzagi ya tura wa ƙanena hoton, shi kuma ya jefa a zauren gidanmu: ni a tsakiyar ruwa, riga a kunne, baki a buɗe, hannu biyu a ka. Na ɗaga, ko sallama Hajiya ba ta amsa ba.

"Kai, faɗa mini gaskiya, wa ya rasu?"

Na ce, "Hajiya, babu kowa. A nan idan mutum ya yi haka, lafiya lau yake nufi."

Ta yi shiru. Can ta ce, "Ba wa abokin naka wayar."