Kwanan watan fayil yana ɓata mana aiki

Wallahi abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mu masu ɗaukar hoto a Aboabo, nan Kumasi, da kwanan wata muke bambanta hotunan suna da na aure. Amma ka kwafi hoto daga filashi zuwa Windows, sai ta sa ranar kwafin a matsayin ranar ƙirƙira, ta bar ranar gyara yadda take. Sai ka tarar gyara ya riga ƙirƙira. Hajiya tana tsaye tana jiran hotunan auren 'yarta, kai kana laluben dubban fayiloli.

Tsofaffin kwamfutocin da muke saya sun ƙara dagula lamarin. Ƙaramin batirin CR2032 da ke riƙe agogo ya mutu, ana ɗauke wuta agogon ya koma shekaru baya, duk abin da ka ajiye ranar ya ɗauki kwanan ƙarya. Tsarin ajiye fayil na FAT32 da ke kan filashi kuwa ba ya ma rubuta yankin lokaci, wato agogon wane yanki na duniya aka bi.

Don Allah masu gyaran kwamfuta, ku riƙa canza batirin nan kafin ku sayar mana, ku kunna daidaita agogo ta intanet. Nawa ne kuɗin batirin?